Ɗanyen Cuku Don Ƙashin Chilo

Talata, 4 ga Yuni, da yamma

Mun dawo daga asibitin Juigalpa. Ruwa ake yi tun daga can har Santo Tomás, amma motata ba ta san taɓo ba.

Haƙarƙarin matata Chilo biyu ne suka tsage. Kuma ba daga kan doki ta faɗo ba. Sunkuyawa ta yi ranar Asabar za ta ɗaga bokitin wanki, ta ji ƙas. Matar da na sani tana hawa tudun nan da garwar madara a kowane hannu, ga tsohon cikin 'yarmu Ninoska. Yau bokiti ne ya karya ta.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Ninoska ba. Dakta Urbina. Ba ta da raini, wannan kam na ba ta. Ta juya takarda ta zana mana wuya, ta ɗiga ɗigo huɗu a bayan maƙogwaro. Ta ce wasu 'yan ƙwayoyi ne a wurin, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, aikinsu gadin kalsiyam a cikin jini. In ya yi ƙasa sai su aika a ɗebo daga ƙashi. Ta ce ƙodar Chilo ta gaji, ba ta iya zubar da wani gishiri da ake kira fosfet. Ya taru ya yi yawa, yana danne kalsiyam, su kuma 'yan gadin nan sun daɗe suna kwasar ƙashinta ba hutu. Shi ya kawo ƙaiƙayin da ke hana ta sukuni, shi ya kawo jan ido.

Na ce, "Dakta, a gajarce dai kalsiyam ne ya yi ƙasa."

Ta ce, "Ya yi ƙasa, Don Eulalio, amma ba ta nan za mu kamo shi ba. Fosfet za mu rage. Madara, cuku, wake, baƙin lemon kwalba, duk a ja baya da su."

Chilo ta yi dariya har ta dafe gefenta. Ta ce, "'Yar nan, kin kuwa san wanda kike gaya wa ya ja baya da cuku?"

Ta rubuta mana wasu manyan ƙwayoyi farare na taunawa, sau uku a rana. Ta yi ta bayani a kansu, amma lokacin hankalina na kan hadari da hanya. A mota na karanta jikin robar. Kalsiyam ne. To.

Laraba, 5 ga Yuni, da hantsi

Shanu lafiya. Ciyawa ta yi kyau bana, madara har ta fi ƙarfin garewani.

Ninoska ta kira daga Managua, babban birni. Ta riga ta yi magana da likitar, ban san yadda suka samu lambar juna ba.

Ta ce, "Baba, zan gaya maka tun yanzu don kada ka ce na yi maka ba-zata. Za a sake gwajin jini ƙarshen wata. In fosfet ɗin bai sauka ba, zan zo in ɗauki Mama. Nan zan riƙa dafa mata da kaina, ga babban asibiti kusa."

Na ce, "Ki ɗauka? Buhun masara ce?"

"Baba."

"Uwarki ba ta taɓa yin kwana uku a garin nan naku ba sai da ciwon kai."

"Ciwon kai ba ya karya haƙarƙari."

Ni na biya kuɗin karatun da take yi mini wannan muryar da shi.

Da na gaya wa Chilo sai ta ce, "Ba inda za ni. Wa zai kula da kajina? Kai? Ko sunan ɗaya ba ka sani ba."

Ba inda za ta.

Alhamis, 6 ga Yuni, da rana tsaka

Aji uku na yi a sakandare na bari, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Da saniya ɗaya ta aro na fara, da keke mara birki. Yau duk wanda ya ci cuku mai kyau tsakanin nan da garin Rama ya san daga ɗakin da ya fito. Ban karanta likitanci ba. Amma kalsiyam kam da hannuna na san shi, tun kafin a haifi Dakta Urbina.

Saniya ta haihu yau, gobe da safe ka same ta kwance, wuya a naɗe, kunnuwa sun yi sanyi ƙalau, ido a kafe. Wanda bai sani ba sai ya aika a kira mahauci. Ni kwalbar kalsiyam nake ɗaura mata a jijiyar wuya, a hankali, in ja dutse in zauna. Kafin kofina ya huce ta yi gyatsa, ta yi kashi, ta miƙe tana neman ɗan maraƙinta. Na ta da shanun da ban san adadinsu ba, nawa da na maƙwabta. Ba wanda ya taɓa zana mini wuya a takarda.

Abin da ya yi ƙasa, ƙara shi ake yi.

Likita ta ce cuku. Na san cukun da take nufi: na kantunan Managua, mai launin ruwan ɗorawa a cikin leda, wanda ake haɗawa da garin madara da magunguna. Wannan ko kare ba zan ba. Shi ta sani, shi ta girma da shi, ba laifinta ba ne. Nawa madara ce da gishiri da abin daskarwa, shi ke nan. Babu wani fosfet da na taɓa zubawa a ciki.

Ga abin da na yanke. Matar ma'aikacina Chepe, wanda ke tatsar shanuna, za ta ci gaba da dafa abincin da aka rubuta, ba zan sa mata baki ba. Ƙwayoyin kuma, maimakon a rarraba su cikin abinci su ɓace, zan ba Chilo duka uku da asuba kafin in fita tatsa. Cikin da ba komai shi ke karɓar magani, haka nake ɗura wa maruƙa. Da hantsi kuma in kawo mata abin da zai mayar da ƙashi.

Juma'a, 7 ga Yuni, da yamma

Na cire ɗanyen cuku daga tukunyar farko da ɗuminsa, na dunƙula da hannuna, na shimfiɗa ganyen ayaba a ƙaramin kwanon nan shuɗi na ɗora. Kofin madara a gefe. Ta baya na bi don kada ma'aikata su gani.

Chilo na kwance a jingine da filo. Ta dube ni, ta dubi kwanon.

Ta kira ni da sunana na gida, ta ce, "Lalo? Kai ne da kwano? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ci ki bar surutu, tsohuwa."

Ta daɗe tana kallon abin kafin ta sa hannu. Na ɗauka addu'a take yi. Ta cinye tas, har da dangwale gishirin da ke jikin ganyen.

Asabar, 8 ga Yuni, da yamma

Ruwa. Shanu lafiya. Chilo ta cinye.

Talata, 11 ga Yuni, da hantsi

Ba a ɓoye abu a gidan nan. Chepe ya tare ni a bayan ɗakin cuku da kwanon a hannuna.

Ya ce, "Don Lalo, hanyar shanu ba nan ba ce."

Na ce, "Na kore ka daga aiki."

Ya ce, "To, maigida. Bari in gama tatsa tukuna."

Shekara ashirin ina korarsa.

Chilo ta tashi ta zauna a baranda yau, ta ƙirga kajinta da ido, ta ce ɗaya mai wake-wake ba ta nan. An same ta a kan ƙwai a bayan injin ruwa. Kumatun Chilo sun ɗan ciko, ko idona ne.

Alhamis, 13 ga Yuni, da almuru

Ƙaiƙayin bai ragu ba. Totuwar masara ta samu tana sosa baya da ita, amma haƙarƙarin ba ya barin hannunta ya kai tsakiya. Ni na karɓa.

"Sama. Hagu. Hagunka, Lalo, ba na saniya ba. Da ƙarfi mana, ko ba ka ci abinci ba?"

Bayan ya yi sawu-sawu, wani wurin har jini. Na ce mata ƙashi ne ke haɗewa, ciwo in zai warke ai ƙaiƙayi yake yi. Ta ce, "Haka ne, likita."

Lahadi, 16 ga Yuni, bayan coci

Chilo ta nace sai ta je coci. Na kai ta har bakin ƙofa da mota, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, ta ji daɗi.

Ana tsakiyar addu'a na ga carbinta ya faɗi ƙasa. Na sunkuya na ɗauko, zan sa mata a hannu sai na ga hannun. Yatsun sun haɗe wuri ɗaya sun sandare, babban yatsa ya shige ciki. Ta rufe shi da gyale ta ci gaba da motsa baki. Ta ce mini a hankali leɓenta ma na yi mata kamar tururuwa na tafiya.

Kafin Fada ya sallami mutane ya sake. Ta ce sanyin benci ne.

Na san wannan sandarewar. Na sha ganinta a ƙafar saniya.

Daga gobe dunƙule biyu na cuku.

Litinin, 17 ga Yuni, da sassafe

Na buɗe kabad ɗin maganin shanu. Kwalaben kalsiyam na nan a jere, da robar ɗaurawa a naɗe a kan ƙusa. Na tsaya ina tuna hannun Chilo.

Na rufe. Na ba Chepe makullin na ce ya riƙe a wurinsa. Ya tambaye ni dalili, na ce ɓeraye.

Alhamis, 20 ga Yuni, da yamma

Shanu lafiya.

Lahadi, 23 ga Yuni, da yamma

Ba ta je coci ba. Idanun sun ƙara ja, ta ce kamar an zuba mata yashi. Abincin matar Chepe ba ta taɓa shi sosai, amma nawa tana cinyewa.

Ninoska ta kira ta tambayi abin da take ci. Na karanto mata: shinkafa, chayote dafaffe (ɗan kayan lambun nan mai kama da ƙaramar kabewa), farin ƙwai, ɗan naman kaza. Duk gaskiya ne, ba abin da na ƙara a ciki.

Ta ce, "Ƙwayoyin fa?"

Na ce, "Ko ɗaya ba ta tsallake ba."

Wannan ma gaskiya ne.

Alhamis za a yi gwajin. Ina so in ga fuskar yarinyar likitar nan.

Alhamis, 27 ga Yuni, da yamma

Fosfet ɗin bai sauka ba. Hawa ya yi.

Dakta Urbina ta duba takardar, ta duba ta farko, ta cire tabarau. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Doña Chilo, ki gaya mini abin da kike ci, tun daga tashi har kwanciya. Ba faɗa zan yi ba."

Na buɗe baki. Chilo ta ɗora hannunta a kan gwiwata ta matse.

Ta ce, "'Yar nan, ni ce. A gidan cuku nake kwana, a gidan cuku nake tashi. In ba kowa sai in lallaɓa in ɗan gutsura. Da madara. Kullum."

"Kullum?"

"Tsufa da kwaɗayi."

"Ƙwayoyin fa? Da wane abinci kike taunawa?"

"Da asuba nake haɗiye su, duka uku, in huta."

Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta yi bayani, kuma wannan karon ba hadari a waje, na ji duka. Ta ce ƙwayar nan ba don ta shiga ƙashi aka ba da ita ba. Aikinta ta zauna a ciki tare da abinci, ta kama fosfet ɗin da ke cikinsa ta riƙe, su fita tare ta bayan gida. In aka sha ta ciki ba komai, ba abin da za ta kama. Wani ɓangarenta sai ya shige jini ya tarar da fosfet ya cika ko'ina, su haɗu su daskare. Ba a ƙashi ba. A jijiyoyin jini, a ido, a ƙarƙashin fata, har a zuciya. Sauran abincin yini kuma ya wuce ba mai tare shi.

Ta ce madara kuwa ba sai an zuba mata komai ba. Saniya ce ke zuba fosfet a ciki da kanta, don ƙashin ɗan maraƙi. Mai lafiyar ƙoda zai sha ya zubar da ragowar. Kuma ita ƙodar ce ke gyara sinadarin da ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, saboda haka ko tulu Chilo ta sha, kalsiyam kaɗan zai shiga, fosfet kuwa ya shiga da yawa.

Na ce, "Ko da madarar mai kyau ce?"

Ta ce, "Mai kyan ma ta fi."

Sai na ji bakina yana tambaya, "Wannan daskarewar, kamar farin dutsen nan ne da ke kama cikin tukunyar dafa madara?"

Ta dube ni. Ta ce, "Kusan shi ne ma, Don Eulalio. Danginsu ɗaya."

Ta yi maganar injin wankin ƙoda. Ta ce a dawo bayan mako biyu.

Muka kama hanyar gida. A Acoyapa Chilo ta ce in tsaya ta sayi lemon tsami.

Juma'a, 28 ga Yuni, da sassafe

Na sa yatsa a cikin bututun babbar tukunya. Farin dutsen nan ya rage masa faɗi da kusan rabi. Da wuƙa na yi ta kankara, bai fita ba.

Asabar, 29 ga Yuni, da yamma

Ninoska ta zo. Ta rungumi uwarta a hankali kamar ƙwai, ta gaishe ni da kyau. Ta shiga kicin ta yi ta buɗe-buɗe, ta yi magana da matar Chepe a bayan gida. Ban san me suka ce ba.

Da ta fito tana riƙe da kwanon nan shuɗi. Ta wanke shi, ta goge, ta hau kujera ta ɗora shi can saman kabad inda ake ajiye kayan Kirsimeti. Ba ta dube ni ba.

A wurin cin abinci ta ce, "Na samu ganin babban likita ranar sha biyar ga wata. Sha uku zan zo da mota."

Chilo ta ce, "Ai akwai wani gwajin kafin nan."

"Akwai, Mama."

"In ya sauka fa?"

Ninoska ta ce, "In ya sauka sosai, likita ta ce kina iya zama, ni ba ruwana. Ba sace ki zan yi ba."

Ni dai miyata nake sha.

Lahadi, 30 ga Yuni, da hantsi

Kafin ta tafi na ce ta nuna mini yadda ake yi. Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallona, sannan ta ajiye jakar.

Nama a tafasa a zubar da ruwan farko. Ƙwai a cire gwaiduwa. Wake cokali biyu, ba kullum ba, a jiƙa shi ya kwana. Ƙwaya ɗaya a gefen faranti, a tauna da loma ta farko, ba kafin ba, ba bayan ba.

Ta ce, "Maimaita, Baba."

Na maimaita. Rabon da wani ya ce mini maimaita tun ina aji uku.

Talata, 2 ga Yuli, da rana tsaka

Na ƙona shinkafa. Matar Chepe ta tsaya a bakin ƙofa tana cizon leɓe, na ce ta fita mini daga kicin. Na sake ɗorawa.

Chilo ta ɗanɗana ta ce, "A kurkukun Juigalpa ma ana sa gishiri."

Amma ta tauna ƙwayar da loma ta farko, ina tsaye.

Juma'a, 5 ga Yuli, da almuru

Muna zaune a baranda ruwa na zuba, kaji sun shige. Ban shirya tambayar ba.

Na ce, "Kin ji abin da likita ta faɗa tun ranar farko."

Ta ce, "Na ji. Kunnena ba ƙoda ba ne, yana aiki."

"To me ya sa kika ci?"

Tana ta murza totuwar a cinyarta.

Ta ce, "Lalo, na haifa maka Ninoska, na haifi wanda muka binne. Na yi zazzaɓin da ya kusa tafiya da ni shekarar babbar guguwa. Ko ruwa ba ka taɓa miƙo mini ba ina kwance. Ba mugunta ba ce, na sani, kana wurin shanu. Sai ga ka a bakin ƙofa da kwano, har da ganyen ayaba a ƙasa kamar za ka kai wa bishop. In ce maka me? Mayar?"

Na ce, "Da kin ce."

"Da na ce, da ka ce yarinyar ba ta san cuku ba, ka yi fushi, ka koma wurin shanunka. Na ce bari in ci na kwana biyu in daina. Sai abin ya yi mini daɗi."

"Cukun?"

"Cukunka gishiri ya yi masa yawa. Na daɗe ina son gaya maka."

Ba wanda ya taɓa cewa cukuna ya yi gishiri. Na tashi na duba ko an rufe ƙofar garke.

An rufe.

Lahadi, 7 ga Yuli, da yamma

Ƙaiƙayin ya ɗan lafa. Ta yi barcin rana har da minshari. Na hana a ta da injin ruwa sai da ta farka.

Talata, 9 ga Yuli, da sassafe

Shanu lafiya. Shinkafa ba ta ƙone ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, da yamma

Ya sauka. Likita ta nuna mini da bakin biro, ta ce, "Wanda ke dafa abincin nan ya iya." Chilo ta ce, "Kada ki faɗa da ƙarfi, kansa ba zai shiga mota ba."

Amma bai isa ba. Ta ce 'yan gadin nan huɗu na wuya sun daɗe suna ihu har sun kumbura, yanzu ko an ce musu ya isa ba sa ji. Suna nan suna kwasar ƙashi. Ita ƙodar kuma ta ƙara ja baya, ba abincin da zai dawo da ita. Sai injin, da wata allura da ake yi tare da shi, kuma inda aka samar mata gurbi Managua ne.

Na tambaye ta abu ɗaya, Chilo na can tana sa takalmi. Na ce da a ce makonnin nan uku ba su faru ba fa.

Ta ce, "Da za mu kai nan ko ba daɗe ko ba jima, Don Eulalio."

Na ce, "Ko ba jima."

Ta ce, "Ba zan iya ce maka yaushe ba."

Yarinyar ba ta ƙarya. Wannan ma na ba ta.

Asabar, 13 ga Yuli, da yamma

Sun tafi da hantsi. Chilo ta zagaya kajin tana gaya wa matar Chepe halin kowace. Ni na ɗauki akwatin, na gyara mata filo a kujerar baya saboda ramukan hanya.

Ninoska ta ce, "Baba, akwai wuri a gidan. Ɗakin na da gado biyu."

Na ce damina ce, madara ta yi yawa, akwai shanu huɗu da ke gab da haihuwa. In na ɗaga ƙafa daga nan komai zai lalace. Duk wanda ya san aikin nan ya san haka ne.

Chilo ta leƙo ta taga ta ce, "Bar shi, 'yata. Matansa na garke."

Ta yi dariya, ni ma na yi.

Lahadi, 14 ga Yuli, da rana tsaka

Na tafasa nama na zubar da ruwan farko kafin in tuna Chilo ba ta nan.

Talata, 16 ga Yuli, da yamma

An sa wa Chilo bututu a ƙasan wuya jiya, don injin wankin ƙoda. Ninoska ta ce ta jure. Na yi magana da ita, muryar can ƙasa. Ta tambayi kaza mai wake-wake. Na ce ta ƙyanƙyashe bakwai. Ta ce, "Ka ƙirga da kanka ko gaya maka aka yi?" Na ce da kaina.

Ninoska na fita aiki tun safe. Wata maƙwabciya ce ke leƙa ta da rana ta ɗuma mata abinci. Na tambaya ko matar ta san maganar loma ta farko. Ninoska ta ce ta gaya mata.

Gaya mata.

Shanu lafiya.

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

Saniyata Canela ta haihu jiya, yau da safe ta kwanta. Ina isa na tarar Chepe ya riga ya ɗaura mata kwalba, yana zaune a kan dutsena. Na tsaya ina jiran ya yi kuskure. Ta yi gyatsa ta miƙe.

Ya ce, "Don Lalo, makullinka."

Na ce ya riƙe. Na ƙara masa da na ɗakin cuku da na sito. Na ce ya rage gishiri kaɗan a tukunyar gobe, ya ga abin da masu saye za su ce.

Ya dubi makullan a tafinsa, ya ce, "Yau ba za ka kore ni ba?"

Litinin, 22 ga Yuli, da hantsi, Managua

Garin nan zafi kamar cikin tukunya. Ba tatsa, amma idona na buɗewa da asuba, sai in zauna a kicin ɗin Ninoska in jira gari ya waye. Murhunsu na gas ne, wutar ba ta da haƙuri. Na fara gane ta.

Da na iso ranar Asabar Chilo na kwance. Ta dube ni, ta dubi buhun chayote da na shigo da shi, ta ce, "Dubiya ka zo ko zama?" Na tambayi Ninoska inda suke ajiye tukwane.

Yanzu ina kan kujerar roba a wajen ɗakin injin. Ta gilashi ina hango ta, an lulluɓe ta da bargo, jininta na fita ta wata roba yana dawowa ta wata. Ta samu wadda ke gadon kusa da ita suna ta zuba, na tabbata da ni ake.

Wani tsoho da ya kawo ɗansa daga Chinandega ya zauna kusa da ni. Ya dubi hulata da takalmana, ya ce, "Maigida, daga ganinka ba ɗan garin nan ba ne. Aikin me kake yi?"

Na ce masa ni ne kukun matar can mai jan gyale.

Ya miƙa wuya ya leƙa, ya ce, "Tana biya da kyau?"

Na ce, "Da zagi."

Ya ce, "To ka riƙe aikin."

Sai rana ta yi tsaka za a cire ta. Na bar shinkafa a jiƙe.